Yadda ake gano nau'in ƙari a jikin dabba da ba shi giredi, tun daga allura har takardar sakamako

Tambayar nan ta yi yawa, daga ɗalibai da ƙananan likitocin dabbobi har da masu kare da kyanwa da aka miƙa wa takardar lab suka rasa gane kanta. An cire ƙari, an kai gwaji, takarda ta dawo an rubuta wani dogon suna da "giredi II" a gefe, to ta ina aka bi aka kai nan? Zan bi da ku yadda aikin yake tafiya a hannu. Amma ka riƙe wannan tun yanzu: suna ake fara nema kafin giredi, wato matakin munin ƙarin a ƙarƙashin maikiroskof, domin kowane ƙari da ma'auninsa, kuma duka biyun ba za su fi samfurin da ka aiko kyau ba.

Mataki na 1: Auna ka rubuta kafin ka taɓa komai

Ɗauki ruler ko kalifa (ma'auni mai baki biyu da ke kama abu) ka auna tsawo da faɗi da zurfi a santimita. Kar ka rubuta "babba ne", babba a wajen wa? Rubuta irin dabbar, jinsinta, shekarunta, mace ce ko namiji, an yi mata fiɗiya ko ba a yi ba, a ina ƙarin yake, tun yaushe aka gan shi, yana saurin girma ne, yana motsi ƙarƙashin fata ko ya manne, ya fashe ko bai fashe ba. Ka lalubi kaluluwar da ke kusa da shi. Ka ɗauki hoto.

Wannan ba cika takarda ba ne kawai. Ƙarin nono a karya kusan rabi ne ke zama mugu, amma a kyanwa mafi yawa, sama da kashi 80 cikin 100, mugaye ne. Baƙin ƙari a fatar kare mai gashi galibi ba shi da wata illa, irinsa a cikin baki ko a gindin farce kuwa abin tsoro ne. Ka ga ke nan in ba ka faɗi wuri da irin dabba ba ka ɗaure wa mai duba samfurin a lab hannu.

Gargaɗi: in an ba dabbar sitiroid, wato wani maganin rage kumburi, kafin a ɗauki samfuri, ka rubuta. Yana iya narkar da ƙwayoyin limfoma, wato sankarar wasu fararen ƙwayoyin jini da ke yawan kama kaluluwa, har a rasa abin gani.

Mataki na 2: Fara da allura

Gwajin allura shi ne mafi arha da sauri, sau da yawa ko allurar barci ba a buƙata. Kayan aiki: allura mai lamba 22 zuwa 25, sirinji, silaid na gilashi masu tsabta, fensir, da rini irin su Diff-Quik ko Giemsa. Ka riƙe ƙarin da yatsu, ka soka, ka juya allurar ta kusurwa biyu uku ba tare da ka fito da ita daga fata ba, ka cire, ka fesa abin da ya shiga a kan silaid, ka ɗora wani silaid ɗin a kai ka ja a hankali. Ka bar shi ya bushe da iska.

Kar ka danna. Yawancin silaid ɗin da ke lalacewa dannawa ce ta fasa sel ɗin, wato ƙwayoyin halittar naman, sai ka duba ka ga zare zare kawai na nukiliyas (cibiyar sel) da ya tsinke, musamman limfoma da ba ta da ƙwari ko kaɗan.

Allura za ta gaya maka abu biyu masu muhimmanci: kumburi ne na ciwo ko ƙari ne, in kuma ƙari ne daga wane dangi ya fito. Wani lokaci ma a nan take za ka samu suna. Ranar da ka fara ganin ƙarin mast sel (wani nau'in sel na garkuwar jiki) ba za ka manta ba, sel zagayayyu cike maƙil da ɗigo ɗigo masu ruwan shunayya har sun rufe nukiliyas, wasu ɗigon sun watse a bayan silaid kamar an barbaɗa. Sai dai Diff-Quik wani lokaci ba ya kama ɗigon nan, in kana zargi ka sake da Giemsa ko toluidin bulu.

Abin da allura ba za ta ba ka ba shi ne yadda ƙarin ya kutsa cikin nama, ko ya shiga jijiya, ko an cire shi duka. Sarkoma kuma, wato mugun ƙarin nama mai riƙe jiki, rowa gare ta, ba ta sakin sel sosai, don haka silaid ya fito fayau ba yana nufin lafiya lau ba.

Gargaɗi: kar ka haɗa silaid ɗin allura da kwalbar fomalin (ruwan da ake adana nama a ciki) a jaka ɗaya. Tururinsa kaɗai ya isa ya ɓata su, rini ya ƙi kamawa. Ƙarin mast sel kuma yana iya kumbura ya yi ja bayan an soke shi, ka gaya wa mai dabba tun kafin.

Mataki na 3: Yanko nama

Ko dai ka yanki ɗan yanki, ko ka cire ƙarin gaba ɗaya. In sanin sunansa zai canza faɗin tiyatar da za ka yi, misali babban ƙari a ƙafa inda fata ba ta da yawa, to fara da ɗan yanki. Ka guji saman da ya yi gyambo da tsakiyar da ta mutu, a nemi nama mai rai mai zurfi. Ƙarin ƙashi ne ya saɓa, shi daga tsakiya ake ɗauka domin gefensa sabon ƙashi ne da jiki ya gina. Inda ka yanka kuma ya zama wurin da za a iya haɗawa a cire a babbar tiyata.

Kar ka matse ɗan yanki da fosef (hantsakin tiyata), kar ka yanke shi da na'urar ƙona jijiya, zafin yana dafa sel ɗin. In karya tana da ƙulli huɗu a nono, kwalba huɗu za ka nema, kowace da lambar nonon, saboda a jikin karya ɗaya kana iya samun nau'i daban daban.

Ka kuma sani giredin da aka bayar a kan ɗan yanki na wucin gadi ne. Yana iya hawa idan an ga ƙarin duka, saboda wurin da ya fi muni ba lallai ne shi ka ɗebo ba.

Mataki na 4: Tawada da fomalin

Nan ne aka fi yin asara wallahi. Akwai wani ƙari da aka taɓa kawo mana daga cinyar kare, ya kai santimita 9, an cusa shi a wata 'yar kwalba mai ƙaramin baki da fomalin da bai rufe rabinsa ba. Naman ya taurare ya ƙi fita sai da muka yanka robar, da muka tsaga kuma sai ga gefe ya kamu fari fat amma ciki ya ruɓe ya zama ruwa ruwa mai wari. Mai karen ya biya kuɗin tiyata ya biya na gwaji, abin da muka iya rubuta masa kawai shi ne sarkoma ce, giredi bai yiwu ba, domin ba a iya bambanta naman da ya mutu a jiki da wanda ya ruɓe a kwalba. Har yau abin yana min ciwo.

Ga yadda ake yi. Ka goge naman da gauz ya ɗan bushe, ka shafa tawadar tiyata a inda wuƙarka ta bi, musamman ƙasa, ka bar ta ta bushe na wasu mintuna. In ba tawada ka ɗaura zaren ɗinki ka rubuta: zare ɗaya gefen kai, zare biyu gefen wutsiya. In ƙarin ya wuce santimita 1 a kauri ka tsattsaga shi daga sama, tazarar santimita 1, amma kar ka ratsa ƙasan da ka shafa wa tawada. Fomalin na kashi 10 cikin 100 mai bafa (wanda aka daidaita tsaminsa) ake so, yawansa ninki 10 na naman, a kwalba mai faɗin baki. Shigarsa nama a hankali ne, wajen milimita 1 a awa kuma yana rage gudu, shi ya sa kauri yake kashe aiki. Awa 24 zuwa 48 sun isa yawancin samfuri.

Gargaɗi: kar ka sa a firiza, ƙanƙara tana farfasa sel. Ka rubuta suna a jikin kwalba ba a murfi ba. Fomalin guba ne, sa safar hannu, a buɗe taga.

Mataki na 5: Abin da lab ke yi

A taƙaice, ana zaɓar yanki, a cire ruwansa da alkohol, a zuba shi cikin kakin farafin, a yanka siriri maikiron 3 zuwa 5 (maikiron 1000 ne milimita 1), a rina da hematoksilin da iyosin. Nukiliyas ya fito shuɗi, sauran jikin sel ruwan hoda. Ƙashi sai an fara laushe shi, shi ya sa sakamakonsa ke daɗewa.

Mataki na 6: Nemo danginsa

Fara da ƙaramin gilashin maikiroskof, 4x, kar ka yi tsalle zuwa 40x. Tambayar farko ita ce daga wane irin sel ya fito.

Na farko dangin fata da shimfiɗar cikin gaɓɓai da giland (sassan jiki masu samar da ruwa, kamar nono). Su sel ɗinsu a manne suke da juna, suna yin gungu ko layi ko bututu. Mara illa a cikinsu shi ne adinoma ko fafiloma, mugun kuma karsinoma, in na giland ne adinokarsinoma. Sankarar idon shanu masu farin fatar ido tana nan.

Na biyu dangin nama mai riƙe jiki, wato kitse, ƙashi, guringuntsi, tsoka, jijiyar jini. Sel ɗinsu dogaye ne masu tsini biyu, suna tafiya kamar igiyoyi. Mara illa yana ƙarewa da oma, mugun da sarkoma: lifoma da lifosarkoma, fibroma da fibrosarkoma, sai ostiyosarkoma na ƙashi da hemanjiyosarkoma da ke yawan fashewa a saifar kare. Sarkoyid na doki da jaki, wanda ke da alaƙa da bairos ɗin fafiloma na shanu, shi ma a nan yake, ba ya tafiya nesa amma dawowa gare shi.

Na uku zagayayyun sel, kowa zaman kansa yake ba ya manne da ɗan'uwansa. Biyar ake haddacewa: limfoma, mast sel, histiyosaitoma, filasmasaitoma, da TVT, wato ƙarin al'aura da karnuka ke ɗauka wajen barbara. Sai masu baƙin launi a gefe guda, melanosaitoma mara illa da melanoma mugu, su kan kwaikwayi kowane dangi kuma wani lokaci ba ka ganin baƙin ma sam.

Gargaɗi: oma ba kullum take nufin sauƙi ba. Limfoma sankara ce, melanoma ma haka. Na sha ganin an kwantar wa mai dabba hankali saboda ƙarshen suna kawai.

Mataki na 7: Mara illa ne ko mugu

Duba gefensa tukuna. Mara illa yana da iyaka, sau da yawa da tantani a kewaye, yana ture nama ne kawai. Mugu yana tura yatsu cikin naman da ke kewaye. Sannan ka matso ka ga sel ɗin: suna kama da iyayensu ko sun fita kama, girmansu ɗaya ko wani ya ninka wani, nukiliyas ya yi ƙato, ɗigon cikinsa ya fito ɓaro ɓaro, akwai mataccen nama, akwai rabuwar sel mai yawa ko mai karkatacciyar siffa.

Alamar da ba a jayayya da ita ita ce ka ga sel ɗin ƙari a cikin jijiyar jini ko ta limf (ruwan da ke bi ta kaluluwa), ko a kaluluwa. Sauran alamomin sai an haɗa su. Nama mai warkewa da wurin da ya yi kumburi suna iya nuna manyan nukiliyas da rabuwar sel alhali ba sankara ba ne. Histiyosaitoma a ɗan kwikwiyo tana da rabuwar sel da yawa, kamanninta na ban tsoro, amma yawanci da kanta take bajewa.

Mataki na 8: Ƙirga maitosis

Maitosis shi ne sel da aka kama yana tsakar rabuwa biyu, kuma kusan duk wani ma'aunin giredi yana jingine da yawansu, don haka a nan zan daɗe.

Da ƙaramin gilashi ka nemo wurin da sel suka fi cunkushewa kuma rabuwa ta fi yawa, galibi wajen gefe. Ka kauce wa mataccen nama da gyambo da inda jini ya kwanta. Ka koma 40x ka ƙirga fili 10 a jere (fili shi ne da'irar da ido ke gani a lokaci ɗaya), ba tsallake wanda ba komai a ciki don ka nemi mai yawa.

Matsalar ita ce fili 10 a maikiroskof ɗinka ba lallai ya zama fili 10 a nawa ba. Shi ya sa yanzu ake so a faɗi faɗin wurin, murabba'in milimita 2.37. Duba jikin gilashin da kake sa ido, akwai lamba a rubuce. In 22 ce, fili 10 daidai ne. In 20 ce sai ka ƙirga 12, in 18 ce wajen 15. Wanda ke da 18 ya tsaya a fili 10 ya ƙirga kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na wurin, kuma hakan kaɗai zai iya sauko da mugun ƙari zuwa giredin da bai kamata ba.

Sannan kar ka ƙirga gawa a matsayin mai rabuwa. Sel mai mutuwa nukiliyas ɗinsa dunƙulalle ne, sumul, baƙi ƙirin, wani lokaci ya farfashe ƙwallo ƙwallo, jikinsa ya yi ja sosai ya tsuke. Mai rabuwa na gaske ba shi da tantanin nukiliyas, gefensa kuma yana da ɗan gashi gashi, in ka ɗan juya fokas za ka ga ƙananan tsinke suna leƙowa. Wanda ka yi shakka a kai ka bar shi.

Mataki na 9: Ɗauko ma'aunin da ya dace

Giredi yana nufin yadda ƙarin ya munana a ido ƙarƙashin maikiroskof, kuma ba kowane ƙari ne ke da ma'auni ba. Ga uku da aka fi amfani da su a kare.

Mast sel na fata. Akwai ma'aunin Patnaik na 1984 mai hawa uku, matsalarsa yawanci suna taruwa a giredi II kuma masu dubawa ba sa yawan dacewa. Sai na Kiupel na 2011 mai hawa biyu, ƙasa da sama. Ƙari yana zama na sama in an samu ko ɗaya daga cikin huɗun nan: maitosis 7 ko fiye a fili 10, ko sel 3 masu nukiliyas uku ko fiye a fili 10, ko nukiliyas 3 masu baƙuwar siffa a fili 10, ko kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 na sel ɗin faɗin nukiliyas ɗinsu ya bambanta da ninki biyu. A binciken da aka gina ma'aunin a kai, matsakaicin rayuwar masu na sama bai kai wata 4 ba, masu na ƙasa sun wuce shekara 2. Ni dai ina rubuta duka biyun a takarda.

Sarkomar nama mai laushi. Maki ake tarawa. Kama da asalin nama maki 1 zuwa 3. Maitosis 0 zuwa 9 maki 1, 10 zuwa 19 maki 2, 20 zuwa sama maki 3. Mataccen nama in babu 0, in bai wuce rabi ba 1, in ya wuce rabi 2. Jimla 3 ko ƙasa giredi I, 4 zuwa 5 giredi II, 6 zuwa sama giredi III. Mu gwada: kama 2, maitosis 18 wato 2, ɗan mataccen nama 1, jimla 5, giredi II. Da ƙirgar ta kai 20 jimla ta zama 6, giredi III, maganar yaɗuwa zuwa huhu ta shigo. Sel biyu kacal ne tsakani, ka ga dalilin da ya sa na nace a mataki na 8.

Karsinomar nono. Na Peña na 2013 ake bi, an ɗauko shi daga ma'aunin nonon mutane. Yawan bututu: sama da kashi 75 maki 1, tsakanin 10 da 75 maki 2, ƙasa da 10 maki 3. Bambancin nukiliyas 1 zuwa 3. Maitosis kamar na sarkoma. Jimla 3 zuwa 5 giredi I, 6 zuwa 7 giredi II, 8 zuwa 9 giredi III.

Gargaɗi: kar ka ari ma'aunin wani ka ɗora wa wani. Patnaik da Kiupel na mast sel ɗin fatar kare ne, ba na wanda ke ƙarƙashin fata ba, ba kuma na kyanwa ba. Melanoma ba a yi mata I, II, III, ana duba wuri da kamannin nukiliyas da maitosis, 3 zuwa sama a fata ko 4 zuwa sama a baki alama ce mara kyau.

Mataki na 10: Gefe, da rini na musamman

Ka bi tawada ka auna tazarar da ke tsakaninta da sel ɗin ƙari mafi kusa, ka rubuta a milimita, gefe da ƙasa kowanne daban. "An cire duka" ba tare da lamba ba ba ya taimakon mai tiyata.

In sel sun fita kama har ba a gane danginsu, sai a je ga rinin antibodi, wato rinin da kowanensa ke kama wani irin sel takamaimai. Saitokeratin yana kama karsinoma, bimentin dangin sarkoma, CD3 limfoma nau'in T, CD20 ko CD79a limfoma nau'in B, Melan-A da PNL2 melanoma, CD31 na jijiyar jini. Wannan ne mafi tsada, kuma kowane antibodi da kuɗinsa, don haka kar ka ce a yi duka. Tambayi kanka ko amsar za ta canza magani. A limfomar kare tana canzawa, domin B galibi ta fi jin kemo, wato maganin sankara, fiye da T. In mai dabba ya riga ya ce ba zai yi kemo ba, ka bar masa kuɗinsa.

Mataki na 11: Siteji, aikin likitan da ke riƙe da dabbar

Ana yawan cakuɗa giredi da siteji. Giredi halin ƙarin ne, daga silaid yake fitowa. Siteji kuwa nisan da ya riga ya yi a jiki, kuma lab ba za ta iya ba ka shi daga kwalba ɗaya ba. Tsarin TNM ake bi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar na dabbobin gida a 1980: T girman ƙari, N kaluluwa, M yaɗuwa nesa. A nonon karya misali, ƙasa da santimita 3 T1 ne, 3 zuwa 5 T2, sama da 5 T3, awon nan da ka yi a mataki na 1 ke nan.

Kaluluwa ka soke ta ko da hannu bai ji ta kumbura ba. Hoton ƙirji a ɗauka ta fuska uku, ta dama da ta hagu da kuma dabbar tana kwance rigingine. A yi sikanin ciki don hanta da saifa, musamman a mast sel mai giredin sama. Karsinoma ta fi bin kaluluwa, sarkoma ta fi bin jini zuwa huhu, wannan zai nuna maka inda za ka fara kashe kuɗi in aljihu bai kai a yi duka ba.

In takarda ta dawo ta ce mara illa alhali kai ka ga ƙarin ya ninka cikin sati uku ya manne da tsoka, kar ka yi shiru. Ɗaga waya ka kira mai dubawa, ka tura masa hoton da awon da ka ɗauka, ka roƙi a sake yanko wani wurin daga naman da ya rage. Ka yi hakan da wuri, domin bulon kakin farafin da aka zuba naman a ciki ana ajiye shi ya daɗe amma ragowar naman cikin fomalin ba a cika riƙe shi fiye da 'yan makonni ba.